Gudu, Danƙarewa da Matsi: Awon da Ake Samu Daga Awo Biyu

Tsawon yadi da tef ake auna shi, nauyin buhu da sikeli, lokaci kuma da agogo. Amma akwai abin da sai an auna abu biyu, an raba ɗaya da ɗaya, sannan a same shi. Irin wannan shi ake kira haɗaɗɗen awo, kuma uku daga cikinsa ne suka fi fitowa a lissafin sakandare: gudu, danƙarewa da matsi. Sunan ma'aunin kansa yakan faɗi aikin da za a yi. Duk inda aka ce "kaza a kowane kaza", rabawa ake nufi.

Gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Direban da ya ci kilomita 180 cikin awa biyu da rabi ya yi gudun kilomita 72 a awa. Nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa, domin sukan rubuta awa 2 da minti 30 a matsayin 2.30, alhali minti 30 rabin awa ne, wato 2.5. Awa minti 60 ce, ba 100 ba. In kuma ana son mayar da kilomita a awa zuwa mita a daƙiƙa, sai a raba da 3.6: kilomita 72 a awa daidai yake da mita 20 a daƙiƙa. Da Usain Bolt ya ƙare tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, gudunsa ya kai kimanin mita 10.4 a daƙiƙa, kusan kilomita 38 a awa.

Matsakaicin gudu ya fi kama mutane. A ce mota ta je gari mai nisan kilomita 120 da gudun 60, ta dawo da gudun 40 saboda kaya. Wanda ya yi garaje zai ce matsakaicin 50 ne. Ba haka ba ne: zuwa ya ci awa 2, dawowa ta ci awa 3, jimla kilomita 240 cikin awa 5, wato 48. Tafiyar hawainiya ta fi cin lokaci, don haka ita ke rinjaye.

Danƙarewa, wadda ake kira densiti a aji, ita ce nauyin abu a raba da girman wurin da ya ci. Kowace 'yar kasuwa ta san ta ko da ba ta san sunanta ba: mudun gero da mudun dusa kwano ɗaya ne, amma hannu ya san bambancinsu. Ruwa ne abin kwatance, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato giram 1 a kowace kiyubik santimita. Jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa kilo 25 ce ban da nauyin robar, in kuwa man gyaɗa ne, wajen kilo 23. Shi ya sa mai ke tasowa saman miya. Ƙarfe yana da kusan 7.9, zinariya 19.3. Zoben da ya yi giram 20 kuma ya ɗaga ruwa da kiyubik santimita 2.4 danƙarewarsa 8.3 ce kawai. Komai ƙyallinsa, bai fi tagulla ba. Irin wannan gwaji ake dangantawa da Arkimidis na Sirakus a labarin kambin sarki.

Matsi kuwa shi ne ƙarfin dannawa a raba da faɗin wurin da aka danna. Ana auna ƙarfin da niyutan, faɗin da murabba'in mita, sakamakon kuma shi ne faskal, sunan masanin Faransa Blaise Pascal. Mai ɗaukar itace da ta naɗa gammo ba ta rage nauyin kayanta ba, ta dai baza shi ne a kan wuri mai faɗi. Tafin raƙumi haka yake yi a rairayi. Mahauci kuwa akasin haka yake nema in yana wasa wuƙa: bakin ya sirance, matsin ya ƙaru. Akwati mai ƙarfin dannawa na niyutan 600, in ya kwanta a kan murabba'in mita 0.5, matsinsa faskal 1,200 ne. In aka tsayar da shi a gefe mai 0.2, sai ya koma 3,000.

Abu biyu ke ɓata amsa a nan. Kilo ba niyutan ba ne, sai an ninka shi da 9.8, ko da 10 in tambayar ta yarda. Sannan murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba, domin tsawo da faɗi duka ake ninkawa.