Jan Ƙarfe da Lafiyar 'Ya'yan Tumaki

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san jan ƙarfe, wanda ake ƙera munduwa da wayar lantarki da shi. Har kalmar kwabo ma daga sunansa na Turanci ta samo asali. Amma ƙalilan ne suka san jikin dabba da na mutum duka suna bukatarsa. Baligi bai fi bukatar miligiram 1 a rana ba, amma in aka rasa ɗan wannan, sai jijiyoyi su lalace.

A ƙauyukanmu na wajen Dambatta da Bichi gonaki sun haɗe, babu sauran daji. Saboda haka tumaki da awakinmu a turke suke cin damina, da rani kuwa sai kara da harawa da dusa. Abin da ciyawa ta tsotso daga ƙasa shi kaɗai dabba ke samu, ƙasar jigawa kuwa ba ta cika riƙe sinadarai ba. In tunkiya mai ciki ta rasa jan ƙarfe, takan haifi ɗa mai tangaɗi, ƙafafunsa na baya ba ƙarfi, ya tashi ya faɗi, har yunwa ta kashe shi. Mu kan ce iska ce ko sammu. A shekarar 1937 wasu masana biyu a Ostareliya, Bennetts da Chapman, suka gano rashin jan ƙarfe ne ke kawo wannan.

Ga yadda malaminmu na kimiyya ya bayyana mana. Jijiyoyi da yawa a cikin laka suna da rigar kitse, kamar robar da ke naɗe da wayar lantarki. Sai da jan ƙarfe wannan riga ke ginuwa sosai. In ta yi rauni, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa ƙafa.

Akwai kuma wani furotin a jikin ƙwayoyin jijiya da ake kira firiyon. Wani likitan Amurka, Stanley Prusiner, shi ya raɗa wannan suna a 1982. A 1997 aka tabbatar cewa furotin ɗin yana kama jan ƙarfe, sa'an nan aka ga in jan ƙarfe ya yawaita a wajen ƙwaya, sai furotin ya riƙa shigewa cikinta. Amma in siffarsa ta murɗe, yakan zama guba, shi ne ya haddasa ciwon haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986. Kada mu haɗa su: haukan shanu ta gurɓataccen abinci ya yaɗu, tangaɗin 'ya'yan tumaki kuwa ba a ɗaukarsa.

To, ina mafita? Rigakafi ya fi magani, domin jijiyar da ta riga ta lalace da wuya ta gyaru. Tun tunkiya na da ciki ya kamata a nemi shawarar malamin dabbobi a kan gishirin lasa. Amma a kula, kada a ba tumaki abincin da aka haɗa don kaji ko shanu, gama jan ƙarfe in ya yi yawa taruwa yake a hantarsu ya kashe su. Mu kuwa mutane, hanta da gyaɗa da wake da riɗi sun wadace mu.

Ɗan tunkiyar bana shi ne ragon layyar baɗi, shi ne kuma kuɗin makarantar wasunmu. Ina roƙon kowane ɗalibi, in an tafi hutu, ya karanta wa mutanen gida wannan bayani. Allah ya albarkaci kiwonmu, amin.