Dakashi da Jinin Ɗan Maraƙi

Dakashi shi ne nonon farko da saniya kan fitar bayan haihuwa, mai kauri, rawaya-rawaya. A Masar, kamar yadda ɗaliban Azhar mazauna Hayyus Sabi' a Alƙahira suka sani, sarsub ake ce masa. Ɗan maraƙi yakan faɗo jininsa ba shi da furotin masu yaƙi da cuta, domin mabiyiya ba ta barin su ƙetara daga uwa. A dakashi yake samunsu, kuma bayan kimanin awa 24 hanjinsa kan daina tsotse su. Makiyayin da ya yi jinkirin shayar da shi ya yi ganganci. Maiƙon dakashi kuwa, shi jikin maraƙin ke ƙonawa ya sami ɗumi, musamman da hunturu.