Bin Sawun Cutar MERS a Asibitocin Koriya ta Kudu

A watan Mayun 2015 wani dattijo ɗan shekara 68 ya koma gida Koriya ta Kudu daga Gabas ta Tsakiya, bayan 'yan kwanaki zazzaɓi da tari suka kama shi. Sai da ya zaga wuraren magani huɗu kafin a gane, ranar 20 ga wata, cewa MERS ce, cutar numfashin nan da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, wadda raƙuma ke ɗauke da ƙwayarta. Kafin ƙura ta lafa, mutum 186 sun kamu, 38 sun riga mu gidan gaskiya. Kusan dukkansu a asibiti suka kwaso ta, inda suka je neman lafiya, dubiya ko aiki.

To, yaya ake gane wa ya shafa wa wa? Aikin mabiya sawu ne. A asibitin Samsung da ke Seoul, wani majinyaci da aka yi wa laƙabi da "na 14" ya yi kwana uku a sashen gaggawa ba a san abin da ke damunsa ba. Masu bincike suka ɗauko kundin marasa lafiya da faifan kyamarorin tsaro, suka riƙa duba wanda ya kwanta kusa da shi, wanda ya wuce ta gabansa, da tsawon lokacin da kowa ya yi. Suka haɗa da ranar da zazzaɓi ya fara wa kowanne, tunda cutar kan yi kwana 2 zuwa 14 a jiki kafin ta nuna kanta. Lissafi ya tsaya a kan mutum 82 daga shi kaɗai, kuma rabinsu, 41, 'yan dubiya ne da masu jinya. Cikin majinyatan da suka zauna ɓangare ɗaya da shi, ɗaya cikin biyar ya kamu. Na ɓangarorin nesa kuwa ƙalilan ne.

Wannan adadi na 41 shi ya fi tsaya mini a rai. A Koriya a wancan lokacin dangi ne ke kwana da marar lafiya, su ba shi abinci, su juya shi, kuma ana zuwa dubiya ayari-ayari. Wa zai ce ba Kano ko Damagaram ake nufi ba? Mu ma tabarmar mai jinya tana gindin gado, ranar Juma'a kuwa ɗakin kan cika da kwanukan abinci da "sannu, ya jiki?". Zumunci ne mai lada, amma a ɗaki mai cunkoso da tagogi a rufe, tarin mutum ɗaya kowa ke shaƙarsa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana mura ko tari, ka yi dubiyarka ta waya. In kai ne mai jinya, sa takunkumi, wanke hannu da sabulu, ka roƙi a buɗe taga. In kuma daga Umara ko Hajji ka dawo da zazzaɓi, tun a bakin ƙofa ka gaya wa ma'aikatan jinya inda ka fito.