Jarrabawar shiga makarantun injiniyoyi: lissafin buhu, katako da igiya

Kowace shekara, da zarar sakamakon bakaloreya ya fito, sai iyaye su shiga wata sabuwar ɗawainiya. Yaron da ya karanta kimiyya yana son shiga makarantar injiniyoyi irin EMIG ta Yamai, kuma sai ya ci jarrabawar gasa. Uwa ta taɓa jarinta, uba ya biya kuɗin mota da na takardu. Idan yaro ya faɗi, shekara ta tafi, kuɗin ma sun tafi.

A darasin fizik akwai wata tambaya da ta saba kayar da ɗalibai, alhali duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda kamyo ya san ta da ido. Ana zana kaya bisa gangare, an ɗaura masa igiya, igiyar ta bi ta kan kura irin ta bakin rijiya, wani kayan kuma yana reto a ɗaya bakin igiyar. Sai a ce: ina kayan za su nufa, da wane sauri, kuma wane nauyi igiya ke ɗauke da shi?

Mu ɗauki buhun hatsi mai kilo 100. An jingina katako mai tsawon mita 3 a bayan mota, kansa na sama yana mita 1 da rabi daga ƙasa. A lakkol, wannan shi ne gangare mai digiri 30. A irin wannan gangare rabin nauyin buhu ne, wato kilo 50, ke jan sa zuwa ƙasa. Abin da ke danna katako kuwa wajen kilo 87 ne. Daga wannan dannawa ake samun gogayya, wato cijewar da buhu ke yi a jikin katako. Tun 1699 wani Bafaranshe mai suna Amontons ya nuna cewa gogayya tana ƙaruwa daidai da dannawa, ba ruwanta da faɗin buhun. Idan tambaya ta ba da ma'aunin gogayya 0,3, sai a ninka shi da 87, a samu kilo 26.

To, a nan gizo ke saƙar. Gogayya ba ta da gefe guda, kullum tana hamayya ne da inda kaya ke son tafiya. In ana jan buhu sama, sai ta haɗu da kilo 50 ɗin nan, su zama 76. In buhu yana son zamewa ƙasa, sai ta riƙe shi, saura 24. Ma'ana, duk kayan da aka rataya tsakanin kilo 24 da kilo 76, babu abin da zai motsa. Ƴan dako sun san haka, shi ya sa mutum ke iya tsayawa ya huta da buhu a tsakiyar katako ba tare da ya saki dukkan ƙarfinsa ba.

Masu shirya tambayoyi suna son wannan tarko. Su rataya kilo 60, ɗalibi mai gaggawa ya ga 60 ta fi 50, ya ce buhu zai hau. Da lissafi ya ba shi lamba ƙasa da sifiri, sai ya juya ya ce ashe gangarowa zai yi. Duka biyun kuskure ne. Buhu yana nan inda yake, gogayya tana aiki da kilo 10 kacal cikin 26 da take iyawa.

Yanzu a rataya kilo 100. Ya fi 76 da kilo 24, saboda haka buhu zai hau. A takardar jarrabawa ana mai da kilo zuwa niyuton, kilo guda kusan niyuton 10, wato rarar ta zama 240. Amma wannan rara kaya biyu take ja, jimillar kilo 200. A raba 240 da 200, a samu 1,2: kowace daƙiƙa saurin yana ƙaruwa da mita 1,2 a daƙiƙa. Igiya kuma ba niyuton 1000 take ɗauke da shi ba, kamar yadda da yawa ke rubutawa. Tun da kayan da ke reto yana sauka da ƙarin sauri, 880 ne ke kanta. Tambayar dai takan ɗauka cewa igiya ba ta da nauyi, kura kuma ba ta cijewa, abin da mai jan ruwa a rijiya mai gaba 30 zai yi wa dariya.

A ganinmu, hadda ba ta fid da yaro a nan, domin da an sauya lamba guda amsa ta sauya gefe. Abin da ya kamata ya saba da shi shi ne ya zana kowane kaya shi kaɗai da duk abin da ke jan sa, ya fara tabbatar ko akwai motsi, sannan ya rubuta lissafi. Iyayen da ke biyan mushe kuɗin darasin yamma suna iya gwada ɗansu a bakin shago: a ɗora buhu bisa katako, a riƙa ɗaga kan katakon sannu a hankali har buhu ya fara zamewa. A auna tsayin da kan ya kai, a raba shi da nisan ƙasa daga gindin katako zuwa daidai ƙarƙashin kan. Lambar da ta fito ita ce ma'aunin gogayyar wannan buhu da wannan katako.