AGOGON AUNA SUGA DA HASKE: A YI HATTARA

Kwanan baya a nan Libreville wani abokin sana'armu mai ciwon suga ya nuno mini agogon hannu da ya saya a kasuwa, wai yana auna masa suga ba sai ya huda yatsa ba. Haske ne kore yake walƙiya a bayan agogon, sai lamba ta fito. Har ya rage shan maganinsa saboda lambar. Shi ya sa na ga ya wajaba in yi bayani.

Shi dai aunawa da haske ba ƙarya ba ne a asalinsa. Ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa a asibiti, da haske yake auna iskar da ke cikin jini, domin jini yana sauya launi gwargwadon iskar da ya ɗauka. To amma suga ba ya da launi, kuma kaɗan ne ƙwarai. Duk jinin jikin babban mutum, sugan da ke cikinsa bai wuce cikin cokalin shayi ɗaya ba. Haske kuwa sai ya ratsa fata da kitse da ruwan jiki kafin ya dawo, kuma ruwa ne ke shanye mafi yawansa. Ga gumi, ga zafin jiki, ga kaurin fata, kowanne yana karkatar da lissafi. Kamar ka ce za ka gano ɗan maraƙi ɗaya cikin garke da daddare da ƙaramar tocila.

Turawa sun daɗe suna neman wannan. Tun 1996 aka gabatar da wata na'ura mai suna Diasensor a Amurka, masu duba ta suka ƙi amincewa. A Fabrairun 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna suga ba tare da huda fata ba. Shi ma FreeStyle Libre da ake liƙawa a damtse har kwana 14, akwai ɗan siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, ba haske ba ne.

Mu da ke kwana a hanya, daga Ngaundere zuwa Bitam da Oyem, abinci ba kan lokaci ba, haɗarin ya fi yawa. In agogo ya ce suga ya hau alhali ya sauka, ka ƙara magani, sai jiri da suma a bayan mota, nesa da asibiti. Ka riƙe ƙaramar na'urarka ta huda yatsa, da ɗan suga ko dabino a aljihu.

Sai batun lamba, wanda ke rikita mu masu ƙetare iyaka. A Gabon da Kamaru za su rubuta maka 1,26 g/L. A Najeriya kuma ka ga 126 mg/dL ko 7.0 mmol/L. Duk abu ɗaya ne, shi ne ma'aunin da likita ke zargin ciwon suga in an auna ka da safe kafin ka karya. In za ka nuna takardar Libreville ga likitan Kano, ka nuna masa har haruffan da ke bayan lambar.