Waya Mai Murfi: A Wuya Lafiyarta Take

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai caji a Gyallesu da ke Zariya, ranar da aka kwana biyu babu wuta, zai ga abin da alƙaluman kamfanoni ba sa faɗa. Manyan wayoyin ɗaliban FCE da na Kongo sun cika soket, kowacce da lambarta a manne. Ƙananan nan masu madannai, waɗanda ake wa laƙabi da rakani-kashi, jefi-jefi ake kawo su, don caji ɗaya yana kai su kwanaki. A cikinsu akwai wadda ta fara dawowa hannun mutane: mai murfi, wadda ake buɗewa a amsa kira, a rufe a katse.

Ba sabuwa ba ce. Motorola ya fitar da StarTAC a 1996, shekara biyar kafin MTN da Econet su fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. A 2004 Razr ta fito, kuma a lokacin wanda ya zaro ta daga aljihun kaftani ya ƙyasta murfin da babban yatsa, ya gama yi wa majalisa bayani. Yau dalilin saye ya sauya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 babbar waya ta yi wa mutane da yawa nisa, ga masu ƙwace, ga dattawan da yatsunsu ba sa shiri da shafa gilashi. Murfin yana kare fuskar waya daga makulli da goro a aljihu, yana kuma hana ta kiran mutane da kanta. A nan a bambanta: Galaxy Z Flip da Samsung ya fara fitarwa a 2020, mai gilashin da ke naɗewa, wata duniya ce daban, kuɗinta ya sayi irin waɗanda muke magana a kai da yawa.

Kwanan baya na raka baffana PZ neman irinta. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta zo da kyamara. Yaron shago ya miƙo wata mai ƙyalli, ya ce, “Baba, wannan har hoton biki za ta ɗauka.” Baffa ya juya ta, ya dube ni. Na ce a sa mata batir tukuna.

Abin da mai saye ba ya gani shi ne cikin gaɓar. Waya mai murfi gida biyu ce: fuska da lasifikar kunne a sama, batir da ƙwaƙwalwa da madannai a ƙasa. Abin da ya haɗa su wani siririn zare ne mai faɗi kamar fatar albasa, ɗauke da hanyoyin tagulla, wanda masu gyara ke kira fleks. Ta cikin wuyan wayar yake ratsawa, kuma duk buɗewa da rufewa sai ya lanƙwasa. Tagulla tana gajiya. Ranar da hanya ɗaya ta tsinke, sai fuska ta yi fari fat ko ta mutu, wayar na ringin amma ba ka ganin mai kira. Ƙurar hunturun Zariya kuwa nan take samun mafaka, ta riƙa cin robar a hankali. Saboda haka gwajin farko a shago shi ne a kunna ta, a buɗe murfin sannu a hankali ana kallon fuskar. In hasken ya yi ƙifta a tsakiyar hanya, ko murfin yana lilo hagu da dama, a mayar musu da kayansu. Tambaya ta biyu ba mai sayarwa ake yi wa ba, mai gyaran da ke gefensa ake yi wa: in fleks ɗin wannan ya tsinke, ana samunsa a nan, ko sai an aika Farm Centre a Kano? In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ka samu amsa.

Kyamarar fa? A gaskiya ita ce mafi rauni a jikin waɗannan wayoyi. Yawancinsu VGA ne, wato ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, jimla 307,200, abin da ake rubutawa megafiksel 0.3. Ko Nokia 2660 Flip da kamfanin HMD ya fitar a 2022, mai 4G, iya abin da ke jikinta ke nan. Nokia 2720 Flip ta 2019 ta ɗan fi, tana da megafiksel 2. Wayoyin da ba a san asalinsu ba sukan zo da ƙaton gilashi zagaye uku a baya, alhali ido ɗaya ne ke gani, sauran ado ne. Lambar da ke kan kwali ba hujja ba ce. Ni gwajina rubutu ne: a ɗauki hoton rasit ko takardar magani a hasken rana, a zuƙo shi a ga ko ana karantawa. Galibi wannan ne aikin da za ta yi wa mai ita, sai fuskar jika ranar suna. Da magariba kuwa, kada a sa rai. A kuma tambaya ta ina hoton zai fita, domin wayar da ba ta da gurbin memori ko Bluetooth, hotonta a cikinta zai tsufa.

Akwai tarko a tsofaffin wayoyin da ake shigowa da su daga waje. Masu murfi sun daɗe suna tashe a Amurka da Japan, suna da kyau da ƙwari, amma da yawa a kulle suke da kamfanin layin ƙasarsu. Zangon 2G na Najeriya 900 ne da 1800, na Amurka 850 da 1900. Wasu ma na tsarin CDMA ne, irin na Starcomms da Visafone da suka shuɗe, ba su da ko gurbin layi. Kada a biya sai an sa layin mai saye an kira wani, an ji murya tangaran. Sannan a danna *#06#, a gwada lambar IMEI da ta fito da wadda ke kan kwali da wadda ke ƙarƙashin batir. In sun saɓa, akwai lauje cikin naɗi. Hukumar NCC ce ke tantance nau'in wayoyin da aka yarda a sayar a ƙasar, kuma ba duk abin da ke kan tebur ne ya bi ta hannunta ba.

Wanda ke son WhatsApp ya haƙura da irin wannan waya. Wasu masu manhajar KaiOS sun taɓa ɗaukarsa, amma kamfanin WhatsApp ya janye tallafinsa. Harkar banki dai ba ta buƙatar data. Waɗanda suka sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 sun haddace *737# da *894# da *901# kamar sunayen 'ya'yansu. Don haka madannan tauraro da na tsani su ma a latsa su a shago a ji ko suna amsawa.

Batir ya zama mai cirewa, kuma irin wanda ake samu a kowane lungu, kamar BL-5C da ire-irensa. Tocila da rediyo ba sai an faɗa ba. Wasu wayoyin Tecno da itel suna zuwa da Hausa a jerin harsunansu, ko da yake har yau ban daina jin haushin rubuta saƙo babu ƙ da ɗ da ɓ ba, ƙasa ta koma kasa.

Mai ƙyallin nan ta faɗi tun a gwajin farko, fuskarta ta ɗauke da murfin ya kai rabi. Wadda baffa ya ɗauka baƙa ce, ba ta da wani fasali, manyan lambobi gare ta da lasifika mai ƙara. Ya ɗauki hoton katin asibitinsa, ya sa tabarau ya karanta sunansa, ya ce a rubuta masa rasit da lambar wayar a jiki. Kafin mu kai Tudun Wada a Keke Napep ya buɗe ta ya rufe ya fi sau ashirin, ina ta ce masa, “Baffa, a tausaya wa wuyan nan.”