Kushin, firji da batir: Sharar da ba a yarda a zuba a mazubin haya ba a Ingila

Idan ka bi unguwannin Landan ko Manchesta, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga wani ƙaton akwatin ƙarfe a ƙofar wani gida ba, bakinsa a buɗe, cike da ɓaraguzan bulo da tsofaffin ƙyamare. Shi Turawa ke kira sikip. Kamfani ne ke kawo shi a mota ya sauke maka, ka yi mako ɗaya ko biyu kana cikawa, sannan ya dawo ya ɗauke. Masu gyaran gida da masu tashi daga haya su ne manyan abokan cinikin.

Wanda ya saba da juji, inda ake watsa komai baban bola ya zo ya tsinci rabonsa, zai ɗauka tunda ya biya kuɗin haya, duk abin da ya ga dama zai jefa. A nan ne sabon zuwa, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya, yake iya tafka asara. Ranar ɗauka direba zai leƙa ciki. Da ya hango firji ko kujerar kushin, sai ya ce ba zai ɗaga ba, ko kuma kamfani ya aiko da ƙarin caji bayan an tafi da kayan.

Ba wai tsabar fi'ili ba ne. Mazubin ba juji yake zuwa kai-tsaye ba, wurin tantancewa ake kai shi, inda injuna da hannayen mutane ke rarraba abin da ke ciki: ƙarfe gefe, katako gefe, bulo a niƙa a yi ciko da shi. Abin da ya rage ne ake ƙonawa ko binnewa, kuma binnewar da tsada. Lokacin da Birtaniya ta ƙirƙiro harajin binne shara a 1996, fam 7 ake biya kan kowane tan. A watan Afrilun 2025 ya kai fam 126.15. Sharar da ba ta ruɓewa, kamar ƙasa da duwatsu, fam 4.05 kacal aka sanya mata a lokacin. Wannan tazara ce ta sa kamfani ke tambayarka tun a waya: me za ka zuba?

Abin da ba a jayayya a kai

Bulo da kankare da tayil da ƙasa, katako da ƙarfe, kwali da robobi, ciyawa da rassan bishiya, tebur da kujerun katako zalla, tsofaffin tufafi, duk waɗannan suna shiga.

Sai dai a kula da nauyi. Da yadi ake auna girman mazubin, kuma wanda magina suka fi haya shi ne mai yadi 8, mai cin kimanin manyan ledojin shara 60 zuwa 80. Yawancin kamfanoni ba sa yarda a cika wanda ya fi wannan girma da ƙasa ko kankare, domin motar ba za ta iya ɗagawa ba. Kuma kada kaya su wuce bakin mazubin. Dabarar kafa tsohon ƙyaure a gefe don a ƙara masa tsawo, direbobi sun daɗe da saninta.

Kujerar da ta zama matsala

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne kushin. Shekara da shekaru ana jefa shi ba mai cewa uffan. Amma daga 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fara tilasta ƙa'idar cewa duk abin zama na gida mai soso ko yadi ko fata, ba za a binne shi ba, ba za a sake sarrafa shi ba, ƙona shi za a yi a masana'antar da aka ba izini. Dalili kuwa, an gano da yawansu na ɗauke da sinadaran hana kamawar wuta da aka daɗe da haramtawa, waɗanda ba sa narkewa a ƙasa ko ruwa, sai dai su taru a jikin dabbobi da mutane.

Idan aka haɗa kushin da sauran shara ya yage a ciki, ana iya ɗaukar ilahirin abin da ke mazubin a matsayin gurɓatacce. Kifi ɗaya ya ɓata kwando ke nan. Katifa ba ta cikin wannan ƙa'ida, amma kamfanoni da dama na cajin kuɗinta daban.

Na biyu shi ne allon jifsam da ake yin bangon ciki da silin da shi, ɗan uwan abin da magina a Najeriya ke kira POP. Ba shi da guba a karan kansa. Amma idan aka binne shi tare da abin da ke ruɓewa, yakan fitar da iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tun 2009 aka hana binne shi a gauraye a Ingila, don haka ko dai a ba ka buhu na musamman, ko ka yi hayar wani mazubin dominsa.

Masu kisa

Asbestos ba abin wasa ba ne. Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999, amma duk ginin da aka yi kafin 2000 yana iya kasancewa da shi, a rufin gareji ko silin ko tayil ɗin ƙasa. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta kiyasta cewa cututtukan da ƙurarsa ke haddasawa na kashe kusan mutum 5,000 a shekara, kuma cutar kan ɗauki gomman shekaru kafin ta bayyana. Wanda ya farfasa shi ya cusa a ƙarƙashin bulo don kada a gani, ma'aikacin da zai tsaya a gaban injin tantancewa ya cuta.

Sai batir, musamman na waya da kwamfuta da keken lantarki da sigarin lantarki. Da inji ya matse shi sai ya kama da wuta, ga kwali da roba a kewaye. Wani rahoto da ƙungiyar Material Focus ta fitar a 2024 ya ce an samu gobara sama da 1,200 cikin shekara guda a motocin shara da wuraren tara ta, sanadiyyar batir. Tukunyar gas ma haka take, ko da kana ganin babu komai a ciki.

Taya kuwa tun 2003 aka hana binne ta, a 2006 aka haɗa har da wadda aka daddatsa. Ragowar fenti da baƙin mai da maganin ƙwari da allurai da dogon ƙwan fitila mai zaiba, babu wanda ke shiga.

Sharar taka ce har ta isa inda ya dace

Dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora wa mai gida alhakin tabbatar da cewa wanda ya ba sharar yana da rajista. Idan ka ba mai araha ya je ya juye ta a bakin gonar wani, aka tono takarda mai adireshinka, ƙaramar hukuma a Ingila na iya cin ka tarar da ta kai fam 600, a kotu kuma tarar ba ta da iyaka. Rajistar kamfanonin tana shafin intanet na hukumar muhalli, duba ta bai fi minti biyu ba.

Idan a kan titi za a ajiye mazubin, sai da izinin ƙaramar hukuma, wanda galibi kamfanin ke nemowa ya saka a lissafinka. Akwai kuma maƙwabci mai lallaɓowa da dare ya jefa tsohon firjinsa. Kamfani ba ruwansa da wanda ya jefa, wanda ya yi haya ya sani. Shi ya sa wasu ke rufe mazubin da tamfol, ko su nemi mai murfi da kwaɗo.

To ina za a kai abin da aka ƙi karɓa? Ƙananan hukumomi na da cibiyoyin karɓar shara inda mazauna yanki ke kai batir da fenti da kayan lantarki, yawanci kyauta, kuma suna zuwa gida ɗaukar kushin da firji a kan ɗan kuɗi. Firji na buƙatar a zuƙe iskar sanyinsa kafin a farfasa shi, aikin da ke cin kuɗi, shi ya sa wasu dillalai ke bi ta bayan fage su loda matattun kaya a kwantena da sunan na hannu ne. A 2014 wata kotu a Landan ta ɗaure wani dillalin shara wata 16 saboda fitar da tan 46 na matattun talabijin da firji da makamantansu zuwa ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Ghana.